Anti, ɗana mai shekara 14 ya juye mini

Assalamu alaikum Anti. Ina da ɗa namiji mai shekara 14. Da yaro ne mai jin magana, kallo kawai zan yi masa ya gane abin da nake nufi. Tun bara sai ya juye. In na faɗi ɗaya ya mayar mini da uku. Ba ya barci sai wajen ƙarfe 1 na dare, yana manne da waya, da safe kuma sai an yi dambe kafin ya tashi ya shirya makaranta. Makon jiya ya saci makullin babur ɗin mahaifinsa, ya goya abokansa biyu, suka faɗi. Allah ya tsare, ƙujewa kawai suka yi. Da na tambaye shi me ya kai shi, sai ya ce wai bai sani ba. Mahaifinsa ya yi masa dukan da bai taɓa yi masa ba, yanzu ko haɗa ido ba sa yi. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, yana ɗan shekara 2 na yi doguwar jinya, ya kusa shekara guda a hannun ƙanwata. Na ji ana cewa ƙwaƙwalwar yaro tana gama ginuwa kafin shekara 5, abin da aka rasa an rasa ke nan. Anti, ni na ɓata shi? Ko lokaci ya riga ya ƙure?

Wata uwa

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Sannu da fargaba, Allah ya ƙara tsarewa, ya shirya mana su. Yara uku a kan babur ɗaya, mai tuƙin bai iya ba, a tashi da ƙujewa kawai, ai sai godiya. Kafin mu shiga komai, tunda faɗuwa aka yi, ki binciko ko kansa ya bugu. Ciwon kai da ya ƙi tafiya, amai, jiri, mantuwar da ba a saba ba, ko barcin da ya wuce na kullum, duk dalili ne na zuwa wurin likita ko da an kwana biyu. Ki tambaye shi da lallami, don yaron da ya sha duka a kan laifi ba zai kawo kansa ya ce wani wuri na yi masa ciwo ba.

Sai tambayarki ta ƙarshe, wadda na san ita ke hana ki runtsawa. Ba ke kika ɓata shi ba, lokaci kuma bai ƙure ba. Maganar da kika ji tana da tushe, sai dai an gutsure ta. Jariri yana zuwa duniya da ƙwaƙwalwar da nauyinta bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu na ta babba ba, kafin ya kai shekara 6 kuma ta kai wajen kashi 90 cikin 100 na girmanta. A nan mutane suka ɗauka an gama. Ki dubi gidan da aka ɗora wa rufi: daga waje ya cika gida, ciki kuwa ba a ja wayar wuta ba, ba a kafa ƙofofi ba. Girman ne ya kusa cika a shekara 6. Aikin ciki yana cin wasu shekaru kusan 20 bayan nan.

Shekarun farko suna da nauyi, wannan babu musu, kuma duniya ta ga shaidarsa ta hanya mai ban tausayi. Da gwamnatin shugaba Ceausescu ta faɗi a ƙasar Romaniya a 1989, an tarar da yara fiye da 100,000 a gidajen marayu na gwamnati. Da yawansu suna kwance a gadaje jere, ana ciyar da su, amma babu mai ɗaukarsu, babu mai yi musu wasa, in sun yi kuka ba mai leƙowa. A shekarar 2000 wasu masana uku daga Amurka, Charles Nelson da Nathan Fox da Charles Zeanah, suka fara bin rayuwar yara 136 daga irin waɗannan gidaje a Bukares, babban birnin ƙasar, aka mayar da rabinsu hannun iyalai masu riƙo. Waɗanda aka mayar sun fi waɗanda aka bari kaifin fahimta da iya shaƙuwa da mutane, musamman waɗanda aka fitar kafin su cika shekara 2. Ki lura da abu ɗaya: mutanen da suka farfaɗo da yaran nan ba su suka haife su ba. Abin da ƙwaƙwalwar ƙaramin yaro ke nema shi ne wani babba tsayayye da ya san shi, in ya yi kuka ya zo, in ya yi gwaranci ya amsa masa. Naki ɗan yana hannun ƙanwarki, jininki, wadda ta goya shi ta lallashe shi. Ya yi kewarki, tabbas. Amma ke da bakinki kika ce har zuwa bara yaro ne da ake yi wa magana da ido. Ban ga dalilin da za mu tsallake abin da ke gabanmu mu koma tonon jinyar da ba ke kika ɗora wa kanki ba, alhali canjin ya zo daidai lokacin da murya ta fara buɗewa.

Ga abin da ke gudana a cikin kansa. Ƙwaƙwalwar mutum tana da ƙwayoyin jijiya wajen biliyan 86, kowace tana gaisawa da dubban 'yan'uwanta ta wasu ƙananan mahaɗai da saƙo ke bi. Wani likitan ƙwaƙwalwar yara a Shikago, Peter Huttenlocher, ya duƙufa ya ƙirga waɗannan mahaɗai, ya wallafa a 1979 cewa a sashen gaba na ƙwaƙwalwa, ɗan shekara 1 zuwa 2 ya fi babba yawansu da kusan rabi. Ashe da yawa ake farawa, sannan a riƙa ragewa. Kamar fili ne da aka tattake ta ko'ina, hanyar da ake bi kullum ta zama turba, wadda aka daina bi ciyawa ta rufe ta. Jijiyoyin da suka tabbata kuma sai jiki ya naɗe su da wani farin kitse da ake kira mayelin, irin robar da ke jikin wayar wuta, saƙo ya riƙa wucewa da sauri.

Aikin ba ya tafiya lokaci ɗaya a ko'ina. Jay Giedd da abokan aikinsa a cibiyar binciken lafiyar ƙwaƙwalwa ta gwamnatin Amurka sun shekara da shekaru suna ɗaukar hoton kan yara da na'urar MRI mai nuna cikin ƙwaƙwalwa, yaro ɗaya a ɗauke shi, bayan wajen shekara biyu a sake, har ya girma. Abin da suka fitar a 1999 da 2004 ya nuna gyaran yana tasowa ne daga ƙeya ya nufo goshi. Sassan gani da taɓi da motsi su ke fara nuna, wato su kammalu. Daga cikin na ƙarshe akwai wanda ke bayan goshi, kuma shi ne mai cewa "dakata tukuna". Shi ke auna abin da zai biyo baya, shi ke danne fushi, shi ke haƙura da daɗin yau saboda na gobe. Wannan sashe yana gyaruwa har mutum ya wuce shekara 20. Za ki ji ana ambaton 25. Kar ki ɗauke ta ranar da ake buga hatimi, wani yana riga wani, kuma canjin a hankali yake zuwa kamar hudowar gemu.

Balaga kuwa ba ta jiran goshi. Ga namiji takan fara tsakanin shekara 9 da 14, ga mace tsakanin 8 da 13, kuma da zuwanta sassan da ke can tsakiyar ƙwaƙwalwa, masu riƙe da marmari da jin daɗi da tsoro da fushi, sai su ƙara kaifi. Sinadarin dofamin, wanda ke sa mutum ya ji abu ya cancanci a bi shi, ya fi motsawa a wannan zango. Sabon abu ya fi burge ɗanki fiye da yadda yake burge ki, yabon abokai ya fi yi masa zaƙi, jin kunya a gabansu kuma ya fi yi masa zafi. Doki ya ƙoshi ya yi ƙarfi, linzamin yana wurin maƙeri ba a gama ba. Abin da muke kira tashen balaga ke nan in aka leƙa ta ciki.

Yanzu mu zo kan "ban sani ba", amsar da na tabbata ta fi faɗuwar kanta ƙona miki rai. Ni a ganina gaskiya ya faɗa miki. Da kin zaunar da shi da safiyar ranar, shi kaɗai, kin ce masa, "Wanda bai iya babur ba ya goya mutum biyu, me zai faru?" da amsar da mahaifinsa zai ba ki ita zai ba ki. Wani bincike da aka yi a ƙasashe 11 a kan mutane fiye da 5,000, aka wallafa a 2019, ya nuna cewa wajen tunani cikin natsuwa matashi yana kamo babba tun wajen shekara 16. Abin da ke jinkiri har bayan 18 shi ne kame kai idan rai ya tashi, ko idan ana cikin tsara. Ɗanki ya kusa isa a na farkon. A na biyun da sauran tafiya.

Laurence Steinberg na Jami'ar Temple a Filadelfiya, shi da Margo Gardner, sun gwada wannan a 2005 da wani wasan tuƙi na kwamfuta. Mota na tafiya, fitilar hanya ta koma rawaya. Ko ka tsaya ka tsira da makin da ka tara, ko ka ci gaba ka ƙara maki, amma kana iya cin karo ka rasa. Suka sa 'yan shekara 13 zuwa 16, da 'yan 18 zuwa 22, da manya daga 24 zuwa sama. Wasu sun yi wasan su kaɗai, wasu tare da tsaransu biyu. Matashin da ke shi kaɗai, tuƙinsa bai yi nisa da na babba ba. Da aka zaunar masa da abokai biyu a gefe, kasadarsa ta kusa ninkawa, manya kuwa kusan yadda suke haka suka tsaya. A 2011 aka sake irin gwajin a cikin na'urar MRI, wannan karon abokan suna wani ɗaki suna kallo ta allo, babu mai zuga shi. Sanin cewa ana kallonsa kawai ya isa ya kunna sashen marmarin nan. Abokai biyu, 'yar'uwa, daidai adadin da ɗanki ya goya. Irin wannan dalili ne ya sa jihohi da yawa a Amurka suka taƙaita yawan matasan da sabon direba matashi zai ɗauka a mota.

To kin ga inda nasiharmu ke zubewa. Mukan zaunar da yaro mu yi ta cika masa kunne da haɗarin abu, alhali sanin haɗarin yana da shi. Abin da ya rasa shi ne hannun da zai ja linzami a cikin daƙiƙa goman nan da aboki ya ce "ai ba za ka iya ba". Kafin nasa hannun ya yi ƙwari, ku ne za ku ara masa naku, kuma aron yana yiwuwa ne tun kafin daƙiƙa goman su zo. Makullin babur ya bar inda ake rataye shi, ya koma aljihun mahaifinsa. Ki san inda yake da wanda yake tare da shi bayan faɗuwar rana. Ku shirya wata kalma tsakaninku, wadda in ya turo miki ita za ki kira shi ki ce ya dawo gida yanzu yanzu, ya samu hanyar zamewa daga abokai ba tare da an ce ya ji tsoro ba. Laifin ya hau kanki, "uwata ce ta matsa", ke kuwa ba abin da zai rage ki.

Game da abokan, kar ki yi saurin cewa su suka lalata shi. Iyayen waɗancan biyun ma a daren nan cewa suke yi ɗanki ne ya ja nasu. Yawanci babu shaiɗani ɗaya a cikinsu, haɗuwar ce ke kunna su. Raba shi da tsara gaba ɗaya ba zai yiwu ba, kuma ba alheri ba ne, don a cikinsu yake koyon zama da mutane. Gara ki buɗe musu ƙofa su riƙa zama inda idonki ke kai wa. Babba ɗaya a kusa, ko bai ce uffan ba, yana sauya yadda yara ke yanke shawara.

Maganar barci kuwa, ina roƙonki ki ɗauke ta da muhimmanci fiye da tsiwar, don ina zargin ita ke ciyar da tsiwar. Mary Carskadon ta Jami'ar Brown ta nuna tun farkon shekarun 1990 cewa da balaga agogon jiki yana ja baya. Sinadarin melatonin, mai kawo jin barci, yana jinkirin fitowa, har yaron da da yake gyangyaɗi ƙarfe 9 ya kai 11 idonsa a bushe. Saboda haka rabin abin ba taurin kai ba ne. Sauran rabin kuwa wayar ce, da haskenta da hirar da ba ta ƙarewa, ita ke tura 11 ta koma 1. Ƙungiyar likitocin barci ta Amurka ta ce ɗan shekara 13 zuwa 18 yana bukatar awa 8 zuwa 10. In ɗanki ya kwanta ƙarfe 1 ya tashi 6, awa 5 ya samu. Sashen goshin nan da muke jira ya nuna, shi ne rashin barci ke fara kayarwa. Ke ma ki tuna yadda bakinki yake a ranar da jariri ya hana ki barci. A wasu wurare abin ya kai ga doka: jihar Kalifoniya ta hana manyan makarantun sakandare na gwamnati fara darasi kafin 8:30 na safe, dokar ta fara aiki a 2022. Ke ba ki da ikon sauya lokacin makaranta, amma kina da ikon cewa waya ba ta kwana a ɗakin barci. A ajiye ta caji a wuri ɗaya awa guda kafin kwanciya, kuma in da hali har da taki da ta mahaifinsa, don yaro mai shekara 14 ba abin da ya iya ganowa da sauri kamar dokar da mai kafa ta ba ya bi. Kar ki nemi ya koma ƙarfe 10 a dare ɗaya, ku riƙa jawo lokacin da minti 15 ko 20 duk bayan 'yan kwanaki. Da safe a buɗe taga haske ya shigo masa, hasken safiya yana jawo agogon jiki gaba. Zai yi bori mako ɗaya ko biyu. Ki daure.

Tsiwar kuma, wani ɓangarenta aikin shekarunsa ne. Yaron da zai tsaya da ƙafarsa nan da 'yan shekaru dole ya fara gwada cewa "a'a", kuma a kan wa zai gwada in ba a kan wadda ya tabbata ba za ta yar da shi ba? Wannan ba ya sa ta yi daɗin ji. Na raini maza biyu, na san yadda kalma ɗaya daga bakin wanda ka yi wa tsarki take tsaya wa mutum a maƙogwaro. Abin da na koya a makare shi ne, in ransa ya tashi, wanda zan yi wa bayani ba ya nan, ni ma kuma in na biye masa nawa goshin tafiya yake yi. Ki ce, "Ba zan yi magana da kai a haka ba, za mu yi in ka huce," ki bar wurin. Sannan ki dawo ɗin da gaske, don in ba ki dawo ba ya koyi cewa ɗaga murya na kashe magana. Ki kuma tace abin da za ki yi faɗa a kai. Zumɓura baki, ƙunƙuni, ɗakin da ba a gyara ba, wani lokaci ki yi kamar ba ki gani ba. Zagi, ɗaga hannu, ƙarya a kan inda ya je, ɗaukar abin da ba nasa ba, waɗannan ba a ɗaga ƙafa. In kika yi faɗa a kan komai, muryarki za ta zama kamar ƙarar fanka, ana ji ba a saurara. Kuma duk abin da za ki faɗa masa, kar ki faɗa a gaban abokansa ko ƙannensa. A wannan shekarun tozarci a gaban tsara ba ya barin wurin da darasi zai zauna.

Kar kuma ki ɗauki bayanin nan ya zama uzuri. A 2005 Kotun Ƙolin Amurka ta soke hukuncin kisa ga wanda ya aikata laifi kafin ya cika 18, bisa dalilin cewa matashi bai gama nuna ba, tsara na jan sa, halinsa kuma bai gama zama ba. Kotun ba ta ce a sallame su ba, cewa ta yi hukuncin ya dace da mai laifin. Haka za ku yi a gida. Ya saci makulli, ya jefa rayuka uku cikin haɗari, dole ya ɗanɗana sakamako. Amma sakamakon ya kasance yana da alaƙa da laifin, yana kuma da ranar ƙarewa. Ya je da ƙafarsa ya ba iyayen yaran nan haƙuri. Ya yi aikin da zai rage kuɗin gyara. A hana shi fitar yamma mako biyu, in sun cika a sake shi ba tare da gori ba. Sashen goshi da aiki yake ƙwari, kamar damtse: yaro ya yanke shawara, ya ga abin da ta haifar, ya gyara. Saboda haka a ƙananan abubuwan da kuskurensu ba ya kisa, ki sakar masa ya zaɓa, ko da kin hango zai yi tuntuɓe. Marmarin kasadar nan ma ba abin kashewa ba ne, shi ke sa matasa koyon abu da sauri da shiga abin da manya ke tsoro. A nema masa inda zai zuba shi, wasan motsa jiki, koyon sana'a, wani nauyi na gaske da za a ce nasa ne.

Akwai inda zan ce ki daina karanta ni ki nemi likita ko masanin halayyar yara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗaya cikin 7 na masu shekara 10 zuwa 19 yana fama da wata matsalar lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma ciwon damuwa a matashi sau da yawa da fushi yake fitowa, ba lallai da kuka ba. Idan ya daina abin da da yake so, ya janye har daga abokai, cinsa ya canza, karatunsa ya faɗi warwas, aka wuce mako biyu a haka, wannan ya wuce tashen balaga. Haka in kuɗi ya fara ɓata a gida, ko kika ga ido ja da magana a karkace, ko wani wari da ba ki sani ba, don ƙwaƙwalwar da ke cikin gini ta fi saurin kamuwa da taba da wiwi da ƙwaya, kuma wanda ya fara da wuri ya fi wahalar bari. In kuwa ya taɓa furta cewa gara ya mutu, ko kika ga yanka a jikinsa, ranar za a tafi, ba gobe ba. A wasiƙarki ban ga ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Na faɗa ne don ki san abin da za ki sa wa ido.

Na bar maganar maigida a ƙarshe don ita ce ta fi damuna. Na fahimci abin da ya ɗaga hannunsa. Mutum ya hango gawar ɗansa a titi, tsoron ya fito ta hanyar da ya sani. Amma duka ba ya ƙera linzamin nan. Elizabeth Gershoff da Andrew Grogan-Kaylor sun tattara binciken shekaru masu yawa a kan yara fiye da 160,000, suka wallafa a 2016, ba su sami shaidar cewa duka na gyara hali ba, sai ma suka ga yana tafiya tare da ƙarin faɗa da ƙarin bijirewa. Ga ɗan shekara 14 kuwa akwai wata asarar da ta fi wannan. Wasu masana biyu a Suwidin, Hakan Stattin da Margaret Kerr, sun bincika a shekarar 2000 ta ina iyaye ke sanin abin da 'ya'yansu 'yan shekara 14 ke ciki. Sai suka ga mafi yawan sanin daga abin da yaron ya faɗa da kansa yake zuwa, bin diddigi da titsiye kaɗan suke ƙarawa. Wato tsaron da ya fi kowane ƙarfi shi ne yaro ya iya zuwa ya ce, "Baba, na yi ɓarna." Wanda aka lakaɗa wa duka ya koyi darasi ɗaya tabbatacce, cewa gobe in ya faɗi ya ɓoye ciwon. Shirun da ke tsakaninsu yanzu ya fi babur ɗin ba ni tsoro.

Kar ki tari maigida da "ka yi kuskure", kuma kar ki yi maganar a gaban yaron. Ki same shi a lokacin da ya natsu, ki fara da abin da kuka haɗu a kai, cewa ke ma hantarki ta kaɗa, ke ma kin ga abin da ya gani. Sannan ki ce masa kina tsoron yaron ya daina kawo muku maganarsa, kuma a shekarun nan ya fi bukatar uba fiye da kowane lokaci. Ki tuna masa cewa a cikin duk abin da ke gidan, babur ɗinsa yaron ya ɗauka. Mai son ya zama kamar ubansa ne ke yin haka, ko da ta hanyar wauta. In ya yarda, ya yi wa yaron alkawari cewa ranar da shekarunsa suka kai na doka shi da kansa zai koya masa, da hular kwano a kai, kuma duk taɓa makulli kafin nan yana ƙara nisan ranar.

Ban ce ki nemi su zauna ido da ido a yi sulhu ba, maza da yawa, manya da ƙanana, harshensu ya fi sakuwa in hannunsu na kan aiki. Babur ɗin ai yana bukatar gyara. Ki roƙi mahaifinsa ranar da zai kai shi wurin bakanike ya tafi da shi, yaron ya tura da hannunsa, ya tsaya ya ga abin da ya lanƙwasa da abin da aka biya. Ba sai sun tayar da maganar abin da ya faru ba. In ma sun je sun dawo ba wanda ya ce wa wani komai sai "miƙo wancan", na ranar farko ya isa.